Kafin A Sayar Da Filin Kano: Tambayoyinku Kan Makarantar Jirgi Mai Saukar Ungulu

Assalamu alaikum. Tun da aka kammala aikin Hajjin da ya gabata, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata ga magana ɗaya, wato koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu, wanda wasu ke kira helikwafta. Ban yi mamaki ba, domin duk yaron da ya tashi a Makka ya saba ɗaga kai a ranakun Mina da Arfa ya ga jiragen jami'an tsaro da na agajin gaggawa suna shawagi a kan alhazai, kuma da wuya ransa bai raya masa cewa wata rana shi ne zai zauna a wannan kujera ba. Na zaɓi wasiƙu huɗu na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Sharamansur, shekarata talatin a Makka. Ɗana na fari, mai shekara ashirin, a nan aka haife shi, yana da igama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashina, amma fasfonsa na Nijeriya ne. Ya gama sakandare da sakamako mai kyau, kuma ya kafe a kan cewa tuƙin jirgi mai saukar ungulu yake so. Ya samo makarantu biyu ta intanet. Ta farko a Amurka take, ta ce idan muka biya kuɗin karatun gaba ɗaya tun farko za ta yi mana rangwame mai yawa, yaron zai sami lasisi cikin wata tara, sannan za su taimaka masa ya sami aiki. Ta biyu a Afirka ta Kudu take, ta fi sauƙin kuɗi, kuma a can ana biya ne kashi-kashi. Ina da fili a Kano wanda na yi niyyar sayarwa saboda wannan karatu. Wace ce zan zaɓa? Daga wani mahaifi, Makka.

AMSA: Alhaji, Allah Ya saka maka da alheri da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka kira dillali. Shawarata ita ce kada ka sayar da filin a wannan watan, kuma kada ka zaɓi ko ɗaya daga cikin makarantun tukuna, domin akwai tambayar da ta riga su, wadda ban ga alamar kun zauna da yaron kun amsa ta ba: idan ya gama karatun, a wace ƙasa zai yi aiki, kuma da wane fasfo?

Dalilin wannan tambaya shi ne lasisin tuƙin jirgi na ƙasar da ta bayar da shi ne. Wanda ya yi karatu a Amurka zai fito da lasisin hukumar jiragen sama ta can, wato FAA, na Afirka ta Kudu zai fito da na SACAA, kuma ba ɗayansu da zai ba shi damar ya hau jirgi mai rajistar Saudiyya ya yi aikin kuɗi sai hukumar GACA ta nan ƙasar ta amince da takardunsa ta ba shi nata, kamar yadda a Nijeriya ma sai ya bi ta hukumar NCAA. Duk ƙasashen nan suna bin ƙa'idojin hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, saboda haka sauya lasisi abu ne mai yiwuwa, sai dai yana cin lokaci da kuɗi, domin za a tuntuɓi ƙasar da ta ba da na farkon don a tabbatar da ingancinsa, a sake duba lafiyar mutum, galibi kuma a sake yi masa jarrabawa. Abin da zai yi maka amfani a nan shi ne dokokin GACA an gina su ne a kan tsarin na Amurka, har lambobin babi-babinsu ma sun yi kama, don haka wanda ya yi karatu a can ba zai ji baƙunta sosai ba idan ya dawo.

Sai dai kuma dawowar ita ce wurin da ya kamata a faɗa maka gaskiya. Aikin jirgi mai saukar ungulu yana bunƙasa a Saudiyya, babu shakka. Kamfanin irin waɗannan jirage mai suna THC, da asusun zuba jari na gwamnati ya ƙaddamar a 2019, yana ɗaukar marasa lafiya, yana kai masu yawon buɗe ido Al-Ula, yana kuma yi wa gasar tseren motoci ta Dakar hidima, ga kuma Aramco da ta daɗe tana jigilar ma'aikatanta zuwa rijiyoyin mai na cikin teku a gabas. Amma jiragen da ɗanka yake gani a sararin Mina yawancinsu na hukumomin tsaro ne, waɗanda ƙofarsu ta 'yan ƙasa ce, kuma a kamfanoni ma, da tsarin fifita ɗan ƙasa a wajen ɗaukar aiki, kujerar sabon matuƙi ɗan ƙasa ake tanadar wa. Baƙon da ake ɗauka shi ne wanda ya zo da dubban awoyi a littafinsa. Ɗan Bahaushen da iyayensa suka sami takardar zama 'yan ƙasa lissafinsa daban ne, shi kam ya fara da bin sanarwar kamfanonin nan, domin sukan ɗauki nauyin karatun matasa. Naka kuwa, mai igama da fasfon Nijeriya, aikinsa na farko ya fi kusa da Legas ko Fatakwal, inda kamfanoni irin su Bristow da Caverton suke kai ma'aikatan mai cikin teku. Ka tambaye shi a gaban mahaifiyarsa ko ya shirya zama a Fatakwal shekara biyar, shi da bai san Nijeriya ba sai hutun wata ɗaya a Kano. Idan ya ce ya shirya, to maganar ta fara kama hanya, kuma a lokacin sai ku ƙara makarantun gida a cikin lissafi, domin akwai ta jirgi mai saukar ungulu a Enugu wadda rundunar sojin saman Nijeriya ke da hannu a cikinta, ga kuma tsohuwar kwalejin Zariya da aka kafa tun 1964, wadda za ku iya tuntuɓa ku ji abin da take koyarwa a yanzu. Kada kuma ku manta da bizar fita da dawowa: yaron da zai yi shekara ko fiye a waje dole a lura da wa'adin bizarsa da na igamarsa, kada ya gama karatu ya tarar ƙofar gidan ubansa ta rufe masa.

Yanzu ga maganar wata tara da aikin da aka yi alkawari. Karatun nan da awa ake auna shi, wato awoyin da ɗalibi ya yi a sama, waɗanda ake rubutawa a littafinsa malami ya sa hannu. A dokar Amurka, lasisin farko, wanda ke ba mutum damar tuƙi don kansa ba don kuɗi ba, mafi ƙarancinsa awa 40 ne, lasisin aiki kuma awa 150. A Afirka ta Kudu na farko awa 50 ne, na aiki awa 200. Waɗannan ƙananan iyakoki ne da doka ta gindaya, kuma makarantu da su suke yin farashin da suke bugawa a takardar talla, alhali ɗalibai kaɗan ne suke shirya wa jarrabawa a daidai wannan adadi. A shekarun da na yi ina koyar da tuƙin jirgi, yawancin waɗanda na gani sai sun kai awa sittin ko fiye kafin su ci ta farko. Kowace awa da ta ƙaru kuwa daga aljihunka za ta fita.

Babbar matsalar tana bayan lasisin. Matuƙi mai awa 150 ko 200 doka ta yarda ya yi aiki, amma kamfani ba ya miƙa jirgin miliyoyin daloli ga wanda kwanan nan ya daina tashi da malami, kuma ko kamfanin ya so, masu inshora ba za su yarda ba. Tsakanin ranar karɓar lasisi da ranar da za a ce mutum ya ƙware, wadda a wurare da yawa ake sa ta a wajen awa dubu, akwai wani fage mai faɗi da ya cinye burin matasa masu yawa. A Amurka hanyar da aka saba bi ita ce ɗalibi ya ƙara karatu ya zama malami, ya riƙa koyar da na bayansa yana tara awoyi ana biyansa ɗan abin da ba a rasa ba. Akwai sharaɗi a nan wanda takardar talla ba ta cika faɗa ba. Yawancin makarantun can da jiragen kamfanin Robinson suke koyarwa, kuma tun 1995 akwai doka ta musamman da ta ce ba wanda zai koyar a cikinsu sai yana da awa 200 a jirgi mai saukar ungulu, 50 daga ciki a irin nasu. Ke nan lissafin gaskiya na awa 200 ne. Sannan ga biza: irin wadda ake kira M-1 ta koyon sana'a ce, ba ta ba ɗalibi damar ya zauna ya yi aikin koyarwa na tsawon lokaci, F-1 ce ke ba da wannan dama zuwa wani wa'adi, kuma ba kowace makaranta aka yarje wa ta nema wa ɗalibi ita ba. Ka sa yaron ya tambaye su a rubuce wace biza ce tasu. Zai kuma bi ta tantancewar hukumar tsaron sufuri ta Amurka, har da ɗaukar hoton yatsu, kafin a bar shi ya fara darasi. A Afirka ta Kudu ma a yi irin wannan tambaya, ko baƙo yana samun izinin aiki bayan ya gama. Idan yaron Nijeriya zai koma ya zauna a kujerar mataimakin matuƙi, to zai buƙaci ƙarin shaidar iya tuƙi da na'urori kaɗai a cikin gajimare ko duhu, domin aikin teku ba ya yiwuwa sai da ita, ita ma kuɗinta daban.

Bari mu yi lissafi da misali, ka sa farashin da suka ba ku a gurbinsa. A ce awa ɗaya da malami dala 400 ce. Tun da dala ɗaya riyal 3.75 ce, awar ta zama riyal 1,500, awa 200 kuma riyal 300,000. Ba mu sa kuɗin ɗaki da abinci ba, ba mu sa darasin aji da littattafai da kuɗin masu jarrabawa da tikitin zuwa da dawowa ba. Ka duba ko kuɗin filin zai ɗauki wannan har da rarar kashi ɗaya cikin biyar, domin babu abin da ya kai tsayawa a tsakiya ciwo: ɗalibin da kuɗinsa ya ƙare a awa casa'in ba shi da sana'a a hannu, kuma idan ya yi wata shida bai tashi ba, hannunsa ya yi sanyi, sai ya sake biyan kuɗi ya maimaita abin da ya riga ya iya. Wani zai ce ya fara da ƙaramin jirgi mai fukafuki tun da awarsa ta fi araha, sannan ya sauya. Doka ta yarda a haɗa awoyin zuwa wani adadi, amma ranar neman aiki awoyin jirgi mai saukar ungulu kaɗai ake ƙirgawa, sai arahar ta koma tsada.

Maganar biya gaba ɗaya kuwa, ina roƙonka da girman Allah kada ka yi, ko da rangwamen ya kai rabi. A watan Fabrairu na 2008 wata babbar makaranta a Amurka mai suna Silver State Helicopters, mai rassa a jihohi da dama, ta rufe ƙofofinta dare ɗaya ta shelanta karyewa, ɗalibai fiye da 2,000 suka wayi gari ba karatu, da yawansu kuma bashi suka ci na dubban daloli aka miƙa wa makarantar tun kafin su yi rabin awoyinsu. Makarantar da ke tsaye da ƙafarta ba ta buƙatar kuɗin shekara guda a hannu. Ka biya na awa goma ko ashirin, idan sun ƙare ka ƙara, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa duk ranar da yaron ya bar makarantar za a dawo da abin da ya rage cikin kwanaki kaza. Alkawarin aiki ma a nemi a gan shi a rubuce, kuma za ka ga yadda zai koma "za mu duba". Ku nemi su haɗa ku da ɗalibai baƙi uku da suka gama bara, ku ji daga bakinsu inda suke a yau.

Kada kuma a yi cinikin biri a sama. Kuɗin tikitin da za ka biya wa yaron, ko wani ɗan'uwa amintacce, ya je ya ga makarantar da idonsa, bai kai na awa biyar a sama ba. Na taɓa raka wani ƙanen abokina wata makaranta da takardarta ta nuna jirage biyar jere a rana suna ƙyalli. Da muka shiga rumfar ajiye jiragen, biyu ne kawai ke tashi. Ɗaya an cire masa farfela an jingine ta a kan katako, biyu kuma an lulluɓe su da tamfol, ƙura ta kwanta a kai har wani ya rubuta sunansa da yatsa. A allon jadawali na ƙirga sunayen ɗalibai fiye da talatin, wasunsu suna zaune a kan benci tun safe da na'urar kunne a cinya suna jiran layi. Wannan lissafin, na jirage nawa ke tashi da ɗalibai nawa ke jira, ya fi duk wani hoto faɗin gaskiya, domin mai koyo yana buƙatar ya tashi sau uku ko huɗu a mako. A tambaya ko suna da makanikansu a wurin, a kuma tambayi awoyin da suka rage wa kowane jirgi kafin babban gyara, tun da jirgin Robinson sai an kwance shi gaba ɗaya an sabunta duk bayan awa 2,200 ko shekara 12, kuma jirgin da ya shiga wannan gyara ya bar layi na tsawon makonni. A tambayi yadda ake ƙirga awa, daga tayar da inji ne ko daga barin ƙasa, da ko malami yana zama da ɗalibi kafin tashi da bayan sauka ko kuwa daga wannan ɗalibi sai ya ruga wurin wancan.

Nau'in jirgin bai kamata ya hana ka barci ba. R22 mai kujera biyu, wanda ya fito tun 1979, shi ya fi yawa kuma ya fi araha, sai dai kujerarsa ba ta ɗaukar fiye da kilo 109. R44 mai kujera huɗu ya fi shi nutsuwa da tsada. Cabri G2 na Faransa sabon ƙira ne, an ba shi shaidar inganci a 2007. Kowanne a cikinsu ya fitar da matuƙa na ƙwarai. Idan ka tilasta mini in zaɓa a yau, zan karkata ga wadda ake biya kashi-kashi, matuƙar sunanta yana cikin jerin makarantun da hukumar ƙasarta ta amince da su. Ta Amurka ba za ta shiga lissafina ba sai ta yarda da irin wannan biya, ta kuma nuna biza mai ba da damar koyarwa.

TAMBAYA: Malam, shekarata goma sha tara, ina zaune a Jidda. Ina sa tabarau tun ina aji shida, kuma da aka gwada jinina an ce ina ɗauke da ƙwayar sikila, ko da yake ban taɓa ciwon ba. Abokaina sun ce in cire rai da tuƙin jirgi. Haka ne? Daga wani matashi, Jidda.

AMSA: Ɗana, abokanka ba likitocin jirgin sama ba ne. Tabarau ba ya hana tuƙin jiragen farar hula matuƙar yana gyara ganinka ya kai ma'aunin da ake so, sai dai a rubuta a takardarka cewa dole ka sa shi, ka kuma riƙe na biyu a aljihu. Abin da ya fi kayar da matasa shi ne rashin bambance launuka, musamman ja da kore, wanda mutum kan girma da shi bai sani ba sai ranar da aka buɗe masa littafin nan mai ɗigo-ɗigo aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Game da jini, akwai bambanci tsakanin mai cutar sikila da wanda yake ɗauke da ƙwayarta kawai: mai cutar ba a ba shi takardar lafiya ta matuƙi, saboda ƙarancin iskar shaƙa a sama yana iya tayar masa da ciwo, amma ɗaukar ƙwayar kaɗai a ƙa'idar farar hula ba ya rufe ƙofa. Hukuncin ƙarshe yana hannun likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi, saboda haka ka je wurinsa, ka nemi gwajin mataki na ɗaya, mafi tsauri, tun kafin ka biya wa wata makaranta ko riyal ɗaya. Zai duba ido da kunne da zuciya da hawan jini da sukari. Kada ka ɓoye masa komai, domin abin da aka ɓoye aka gano daga baya ya fi cutar kanta saurin raba mutum da lasisinsa. Wannan shawara ta shafi ɗan Alhajin Makka ma.

Sannan ka duba Turancinka. Tun 2008 ICAO ta wajabta wa matuƙan da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe su kai mataki na huɗu cikin shida a jarrabawar magana da fahimta, kuma littattafan karatun duk da Turanci suke. Na ga yara masu kaifin basira da suka yi karatunsu da Larabci suna kashe awoyi masu tsada a sama saboda kunnensu bai kama abin da mai kula da hasumiya yake faɗa a rediyo ba. Wata shida na koyon Turanci a Jidda bai kai kuɗin awa goma a sama ba.

TAMBAYA: Malam, 'yata ce take son wannan karatu, mahaifinta bai hana ba, amma dangi suna ta surutu wai ba aikin mace ba ne, kuma ba ta da ƙarfin riƙe jirgi. Ni dai tsarewarta a ƙasar waje ce damuwata. Daga wata uwa, Madina.

AMSA: Hajiya, maganar ƙarfi a ajiye ta gefe, domin jirgi mai saukar ungulu da 'yan yatsu ake tuƙa shi, kuma mai matse sandar tuƙi da ƙarfi shi ya fi shan wahalar koyo. Doka ba ta bambanta mace da namiji a awoyi ko jarrabawa ba. A nan ƙasar ma ba sabon abu ba ne, domin Hanadi al-Hindi, 'yar Makka, ta yi karatun tuƙin jirgi a Jodan ta sami lasisin aiki tun 2005, shekaru goma sha uku kafin a ba mata izinin tuƙa mota a 2018. Damuwarki ita ce mai tushe, kuma ta shiga cikin ma'aunin zaɓen makaranta. A tambayi inda ɗalibai mata suke kwana da nisansa da filin jirgi, tun da darasi yakan fara da sassafe. A tambaya ko akwai malama mace, domin kujerun ƙaramin jirgi kafaɗa da kafaɗa suke. A gwada yadda lulluɓinta zai zauna da na'urar kunne ba tare da ya bar ƙarar inji ta shiga ba, wanda ɗankwali mara kauri da ya lafe a kai yake magancewa. Garin da ke da masallaci da al'ummar Musulmi kusa ya fi, kuma idan akwai halin wani muharraminta ya zauna da ita, a sa kuɗinsa a lissafi tun farko. Kafin komai, a biya mata darasin gwaji na rabin awa, ta zauna a kujerar ta riƙe sanda, ta sauko ta gaya miki da bakinta ko har yanzu tana so.

TAMBAYA: Malam, iyayena suna Riyad, ni kuma ina wata makaranta a waje, na yi awa tara. Har yanzu na kasa tsayar da jirgi wuri ɗaya a iska, yana ta lilo da ni har malami ya karɓe. An sauya mini malami sau uku. An ce mako mai zuwa za mu fara koyon sauka idan inji ya mutu, kuma gabana yana faɗuwa. Ga azumi ya kusa. Ko dai ban dace da aikin ba ne? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ƙanena, awa tara ba ta isa a yanke wa kowa hukunci ba. Tsayar da jirgi cak a iska shi ne mafi wuyar abin da za ka koya a farkon nan, domin abubuwa uku kake sarrafawa lokaci guda kuma kowanne yana taɓa ɗan'uwansa: sandar da ke gabanka tana karkatar da farfelar sama, ta hannun hagu tana ɗaga jirgin ko sauke shi, abubuwan da kake takawa da ƙafa kuma suna sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya da ke hana jikin jirgin juyawa. Ka ɗaga hannun hagu, hancin jirgi ya nemi juyawa, ka taka ƙafa, jirgin ya zame gefe, ka gyara da sanda, kuma kafin gyaran ya kama ka riga ka ƙara wani. Lilon daga nan yake fitowa. Ina tuna ranar da tawa ta zo: malamina ya sa na ɗora damtsena a kan cinya, na riƙe sandar da yatsu uku, ya ce in daina kallon ciyawar da ke ƙarƙashin ƙafata in kafa ido a kan wata bishiya can nesa. Rigata ta jiƙe sharkaf, ina jin bugun zuciyata a cikin na'urar kunne, sai kawai na lura jirgin ya tsaya, na waiga na ga hannayensa biyu a kan gwiwoyinsa. Yawancin ɗalibai a tsakanin awa goma da goma sha biyar abin yake zauna musu.

Sauyin malamai kuwa ba laifinka ba ne, kuma yana daga cikin abin da ke ja maka baya, domin kowane sabon malami sai ya ɓata awa guda yana gano inda kake. Ka je wurin shugaban malamai cikin ladabi ka nemi a tsayar maka da mutum ɗaya har ranar da za ka tashi kai kaɗai, wadda a R22 dokar Amurka ba ta yarda da ita ba sai ka yi awa 20 da malami. Kuɗinka ne, kana da haƙƙin wannan buƙata.

Darasin mutuwar inji shi ne zai cire maka tsoron da kake ji. Idan inji ya tsaya, akwai wata na'ura da ke raba shi da farfela nan take, sai ka sauke hannun hagu ƙasa ba jinkiri, jirgin ya fara gangarowa, iskar da ke busowa daga ƙasa ta ci gaba da juya farfelar, kana da iko da shi kana zaɓen inda za ka sauka, sannan dab da ƙasa ka ɗaga hancinsa ka rage gudu, ka yi amfani da ƙarfin da ya taru a farfelar ka dire. A R22 farfelar ba ta da nauyi, tana rasa gudu cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, shi ya sa ake maimaita darasin har hannunka ya riƙa sauka kafin tunaninka. A wajen koyo ba a kashe injin, rage shi kawai ake yi, kuma hannun malami yana kusa da naka. Ka kuma roƙe shi ya zauna da kai a kan lissafin zafi da tudu, domin iska mai zafi ko ta kan dutse ba ta da kauri, farfela ba ta samun abin kamawa sosai. Jirgin da ya ɗauke ku cikin sauƙi a bakin teku da safe zai iya gazawa da azahar a wuri kamar Ɗa'if, mai tsayin kusan mita 1,900, ko Abha da ta haura 2,200, kuma idan Allah Ya dawo da kai nan a irin wannan iska za ka yi aiki.

Game da azumi, ka gaya wa malaminka tun yanzu, ka nemi a sa darasinka a farkon safiya, lokacin da ruwan sahur yake jikinka, iska kuma ba ta tashi ba. Gilashin jirgin yana tara zafi ƙwarai, kuma ƙishirwa tana rage kaifin hankali tun kafin mutum ya ji ta. Ranar da ka ji jiri ko barci bai ishe ka ba, ka soke tashin ka zauna a aji ka yi karatun yanayi da taswira. Hukuncin ranakun da za ku yi doguwar tafiya daga gari zuwa gari kuwa, wannan ka kai shi ga malaman addini tun kafin watan ya kama. Ka rubuto mini idan ka kai awa goma sha biyar, in ji yadda lilon ya ƙare.